Daga Haruffan Dalma Zuwa Shafin Intanet: Tarihin Ƙugiyar Ɓ, Ɗ da Ƙ

Duk mai karanta Hausa a waya ya san wannan: ana cikin karatu sai a ga ɗan akwati ko alamar tambaya a inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ, ko harafin ya fito ya fi 'yan uwansa girma da kauri. Da yawanmu mun gaji, mun yar da ƙugiyar gaba ɗaya. Amma "Allah Ya kare ku" addu'a ce, "Allah Ya ƙare ku" kuwa mugun baki ne. Bari daban, ɓari daban. Wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma tana da tarihi da ya kamata mu sani.

A wannan yanki namu, Hausar da aka fara rubutawa ta ajami ce, a hannun malaman masarautar Jema'a, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau. Alƙalamin kara ba ya ƙin harafi. Abin da malami ya so shi yake zanawa. Wahala ta zo ne da inji. Layin dogo daga Fatakwal ya iso Kafanchan wajen 1926, garin ya zama mahaɗar jiragen Kaduna da Jos, aka kuma dawo da fadar Sarkin Jema'a nan a 1933. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da mutanen ƙasa, Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da sauransu, duk da Hausa suke fahimtar juna. 'Yan mishan na SIM a Kwoi da Kagoro su ma da ita suka yi koyarwa, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko. Ke nan tun wancan lokaci muna cikin manyan masu karanta bugaggiyar Hausa.

Sai dai injin ɗab'i da haruffan dalma yake aiki, kuma waɗanda aka zubo a Turai ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Marubutan farko sun yi ta dabaru: wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa 'yar waƙafi a gabansa. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, G. P. Bargery ya buga ƙamusunsa a 1934, duk da irin waɗannan dabaru. A shekarun 1930 ne hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta rungumi haruffa masu ƙugiya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta kai su gida-gida. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 ya ci gaba da buga littattafan makaranta da su. Wanda duk ya yi firamare a Kafanchan ko Zonkwa a wancan zamani, daga waɗannan littattafai idonsa ya saba da ƙugiya.

Da tafireta ta shiga ofisoshi sai aka koma gidan jiya. Manyanmu da suka yi aikin akawu sun san yadda ake gama buga wasiƙa, sannan a bi ta da biro ana lanƙwasa kan kowane k da d. A shekarun 1980 an tsara jerin haruffa na bai ɗaya don harsunan Nijeriya, amma tafiretar da ke ɗauke da su ba ta wadata ba. Kwamfuta ma haka ta zo. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa, abin da ake kira font, masu suna Rabi'at da Abdalla, marubuta suka samu sauƙi ƙwarai. Inda gizo ke saƙa shi ne, sai mai karɓar rubutun shi ma yana da wannan zubi a kwamfutarsa, in ba haka ba ya ga wasu alamomi dabam.

Tsarin Unicode, wanda ya fara a 1991, ya warware rabin matsalar: ya ba kowane harafi lamba tasa da duk na'urorin duniya suka yarda da ita, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ta 'yan uwanmu na Nijar. To amma lamba ba hoto ba ce. Idan zubin da ke cikin na'ura ba shi da zanen harafin, akwati za a gani. A farkon zamanin intanet mai shafi sunan zubi kawai yake ambata, ya bar sauran ga abin da ke cikin kwamfutar mai karatu.

Sauran rabin ya zo ta takardar tsari da ake kira CSS, wadda ke faɗa wa burauza launi da girma da kamannin rubutun shafi. A 1998 aka sa mata wata doka mai suna @font-face. Da ita mai shafi ke cewa: ga sunan zubina, ga inda na ajiye shi, a sauko da shi tare da labarin. An ɗauki kusan shekara goma kafin yawancin manyan burauza su yi na'am da ita, Safari a 2008, Firefox a 2009. A 2010 Google Fonts ya buɗe rumbun zubi kyauta, aka kuma samu tsarin WOFF mai matse fayil don kada ya cinye data. Yanzu shafi yana tafe da haruffansa kamar yadda bafatake ke tafe da guzurinsa. Zubi irin su Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, duk suna da haruffanmu. Ajami ma ya samu nasa, Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano.

Maƙwabtanmu na fama da irin wannan. Rubutun Tyap da Jju yana da wasula masu layi a ƙarƙashi, kamar a̱, kuma zubi mara kyau yakan ture layin gefe. Duk da haka masu Tyap sun buɗe Wikipedia tasu a 2022. Zubin da ya iya ƙugiyarmu da layinsu shi ya dace da gari irin Kafanchan.

Saboda haka, ga 'ya'yanmu masu gina wa ƙungiyoyi da makarantu da 'yan kasuwa shafi: kafin ku zaɓi zubi, ku gwada shi da "ƙaiƙayi", "ɗanɗano" da "ɓarɓashi", manya da ƙanana, a tsohuwar waya da sabuwa. Wasu zubin ana raba su kashi-kashi, kashin farko na Ingilishi ne zalla, sai kun tabbatar an haɗa da faɗaɗɗen kashin da haruffanmu ke ciki. A Facebook da WhatsApp kuwa ba mu ke zaɓen zubi ba, amma yawancin wayoyin yau suna nuna ƙugiya; abin da ya rage mu shiga saitin kibod mu ƙara Hausa, aikin minti biyu.

Magabata sun sa an zubo ƙugiya da dalma, akawu sun bi ta da biro shafi bayan shafi. Namu rabon aikin shi ne mafi sauƙi, kada ya zama a hannunmu ta ɓace. Allah Ya kare mu baki ɗaya, da k marar ƙugiya.