Kafin Ku Ƙara Gudu, Ku Duba Duwatsunku

Tun da na ajiye aiki, matasan da ke harkar haɗa magani tambaya ɗaya suke turo mini: "Baba, garin ya ƙi sauka ƙasa da maikiron ɗaya, ko mu ƙara wa injin gudu?" Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba mai fara faɗin irin duwatsun niƙan da ya zuba a injin, alhali a nan sana'ar take.

Mu da muka shigo a shekarun 1990 mun san tushen abin. Kodak ya sayi kamfanin magani na Sterling a 1988, sai dabarar niƙa sinadaran fim ɗin hoto cikin ruwa ta tsallako wurinmu. A 1992 Gary Liversidge da abokan aikinsa suka sami rajistar mallakar fasahar a Amurka. A 1995 aka fitar da sakamakon gwajin maganin danazol a jikin karnuka: wanda aka niƙa zuwa nanomita 169 jiki ya ɗauki kashi 82 cikin ɗari, na da kuwa kashi 5 kacal. Daga nan magungunan da aka niƙa ta wannan hanya suka fito: ƙwayar Rapamune a 2000, Emend a 2003, sabon TriCor a 2004.

Amma kafin waɗannan magunguna su fito, da kwalba muke aiki. Maigidana a wani ɗakin gwaji a Amurka, dattijo ne da ya taso a masana'antar fenti. Zai cika rabin kwalba da duwatsu, ya zuba magani da ruwa da sinadarin hana curewa, ya ɗora ta kan sanduna masu juyawa, a bar ta tana birgima kwana da kwanaki. Kowace safiya sai ya kara kunne. In ya ji "shaa" kamar yayyafi a kan kwano, aiki na tafiya. In ya ji ƙas-ƙas, duwatsu na sukar juna ne a banza. In kuwa shiru, ko dai kwaɓin ya yi kauri, ko gudu ya manna su a jikin kwalba.

A wurinsa na koyi cewa in ka rage faɗin dutse da rabi, adadinsu a mazubi ɗaya ya ninka sau takwas, amma nauyin kowane ya ragu haka nan. Karo ya yawaita, ƙarfin bugu ya ragu. Shi ya sa gari mai tsakuwa ake fara masa da manya, a ƙarasa da na milimita 0.3 ko ƙasa. Nauyi ma haka: gilashi giram 2.5 ne a kowace santimita kubik, zirkoniya kusan 6, robar polistirin ɗaya da ɗan kai. Mai nauyi ya fi saurin fasawa, amma yana zaizayewa, ɓurɓushin kuma cikin magani yake zama.

Wata rana kwaɓi ya fito da launin toka, ashe wani ne ya haɗa tsofaffin duwatsu masu tsagu da sababbi. Dattijon nan ya sa aka zubar da aikin gaba ɗaya, ya zaunar da mu muna tankaɗe. Dokarsa ke nan: a auna duwatsu kafin niƙa, a wanke, a busar, a sake aunawa. Abin da ya ragu a sikeli, mara lafiya ne zai sha shi. Yau wa ke yin wannan?

Allurai masu daɗewa a jiki, irin su Invega Sustenna na 2009 da rilpivirine na masu ɗauke da ƙwayar HIV, da wannan niƙan ake yin su. Don Allah 'ya'yana, duk wanda zai sake turo mini tambaya, ya fara da girman duwatsunsa, da nauyinsu, da ranar da ya yi musu awo na ƙarshe.