Efiktitus

Efiktitus masanin falsafa ne Bagirke, an haife shi wajen shekara ta 50 Miladiyya a Hirafolis, cikin Turkiyya ta yau. A bauta ya tashi a birnin Rum, ga kuma gurguntaka, kafin ya samu 'yanci.

Koyarwarsa ba kwana-kwana: mutum ya rarrabe abin da ke hannunsa, wato tunaninsa da niyyarsa, da wanda ba ya hannunsa, kamar dukiya, lafiya da bakin mutane. A ganinsa, mai ƙwallafa rai a kan na biyun shi ke jawo wa kansa baƙin ciki.

Ɗalibinsa Ariyan ne ya rubuta darussan. Da waɗannan darussa ne James Stockdale, matuƙin jirgin yaƙin Amurka, ya jure zaman kurkuku a Biyetnam daga 1965 zuwa 1973.