Gerber: Harshen Da Masana'antun Allon Lantarki Ke Ji



Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran waya a Farm Centre ya ga koren allon nan mai siraran layukan tagulla. To, kafin masana'anta ta buga shi, sai an tura mata zanensa a fayil ɗin da injinta ke ganewa. Yau tarihin wannan fayil na kawo mana.

Sunansa Gerber, daga sunan Joseph Gerber, Bayahuden da aka haifa a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1924. Ya tsere wa 'yan Nazi, ya isa Amurka a 1940 tare da mahaifiyarsa. Yana ɗalibi ya ƙirƙiri wani ma'auni da robar wandon barcinsa, a 1948 kuma ya kafa kamfaninsa. A shekarun 1960 kamfanin ya ƙera injin da ke zana layuka da haske a kan fim, da fim ɗin ake fitar da allon.

Umarnin da injin ke bi ba shi da wuya. D02, matsa ba haske. D01, ja layi. D03, ƙyasta haske sau ɗaya. A 1980 suka wallafa ƙa'idar, sauran kamfanoni suka bi.

Amma fa akwai matsala. Girman kowane layi ba ya cikin fayil ɗin, daban ake tura jerinsa, wani ya shigar da hannu. Kuskure ɗaya, allo ya tashi daga aiki, kuɗi sun bi ruwa. Sai a 1998 aka fitar da RS-274X, wanda ya haɗe komai wuri guda. A 2014 kamfanin Ucamco na Beljiyam, wanda ke kula da ƙa'idar yanzu, ya kawo X2, ya kuma soke tsohon tsarin. Akwai kishiyoyi: ODB++ da ke hannun Siemens, da IPC-2581. Duk da haka Gerber ne kusan kowace masana'anta ke karɓa.

Me ya sa nake ba mu wannan labari? Saboda ƙa'idar a buɗe take, kowa zai iya sauke ta kyauta. Manhajar KiCad ma kyauta ce. Ke nan yarinya a Zariya za ta iya zana allon na'urar cajin sola a kwamfutarta, ta fitar da Gerber, ta tura Shenzhen a buga mata. Da a kulle take a hannun kamfani ɗaya, da sai mai kuɗi.

Ni dai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, mun ƙware a gyaran abin da wasu suka zana, mun tsaya nan. Matasa, a sauke KiCad a fara, ko da allon ƙwan fitila ɗaya ne.

Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.