Wace Ƙofa Jaruminka Ya Riƙe?



A cikin labaran da muke tura wa juna don gyara, na sha cin karo da wannan: labari ya faru a ƙauye zamanin kakanni, sai ga saurayi ya yi wuf ya riƙe wa budurwa ƙofa ta wuce. Duk sanda na karanta sai in tambayi kaina, wace ƙofar ya riƙe?

Ladabin riƙe ƙofa daga irin ƙofar ya fito. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka, ƙofa a rufe take yini saboda iska. Da aka fara sa mata ƙarfen da ke mayar da ita da kanta a ƙarni na 19, duk wanda ya sake ta bai waiwaya ba yana iya buga wa na bayansa a fuska. Tsayawa a riƙe ta alamar tarbiyya ce. Littattafan ladubba, irin na Emily Post da ya fito a 1922, suka ƙara tsara yadda namiji zai girmama mace a bainar jama'a.

Su ma can abin bai tsaya wuri guda ba. A 1888 Theophilus Van Kannel na birnin Filadelfiya ya yi rajistar ƙofa mai juyawa, wadda ba a riƙe wa kowa. A 1954 Dee Horton da Lew Hewitt suka ƙirƙiro mai zamewa ta buɗe kanta a Texas. Ƙofa ta sauya, ladabinta ya bi ta.

Mu kuwa a ƙasar Hausa, ƙyauren zaure da safe ake buɗe shi, sai dare a rufe. Bakin ɗaki asabari ne ko labule, a bukka kuma tufaniya. Hatta ƙofofin ganuwar Kano, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa, a da a buɗe suke yini, Sarkin Ƙofa ya rufe da dare. Don haka ladabinmu ya fi karkata ga neman izini, kamar yadda Suratun Nur ta koyar. Baƙo ya yi sallama, ya tsaya daga gefe don kada idonsa ya faɗa cikin gida. Idan ya yi sau uku ba a amsa ba, ya juya. Namiji baligi iyakarsa zaure, sai ya aiki yaro ya kira maigida. Yaro kuma ya kauce wa babba, ya karɓi kayansa, ya ɗage masa asabari, ya cire takalmi kafin ya shiga.

Yau muna da ƙofar gilashi a asibiti da ofis, kuma riƙe ta ga tsoho ko mai goyo kyakkyawan hali ne. Muna kuma da ta banki, wadda ke ɗaukar mutum ɗaya ɗaya, ba ruwanta da girman kowa.

Saboda haka kafin ka sa hannun jaruminka a ƙofa, tantance shekara da gari da irin ginin. Idan 1950 ne a cikin birni, bar shi a zaure yana jiran yaron da ya aika. Wannan jiran kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin son da yake yi mata.

Allah ya ƙara mana basira.