Kofin Likurgus da Sirrin Launinsa

A ƙarni na 4 miladiyya, masu sana'ar gilashi a daular Rumawa suka ƙera wani kofi mai ban al'ajabi: kore ne idan haske ya faɗo masa, amma jawur idan hasken ya ratsa shi ta baya. Gidan Tarihi na Birtaniya ya saye shi a 1958. Sai a 1990 madubin elektiron ya tona asirin: ƙwayoyin azurfa da zinariya ne a gauraye, wajen kashi bakwai da uku, waɗanda faɗinsu bai wuce nanomita 100 ba. Maƙeran ba su taɓa ganinsu ba, wuta da gwaji suka bi. Yau masana na dasa irinsu da gangan cikin siraran fallayen gilashi, su sauya gaurin don zaɓar launi.