Baitalami: gidan burodi ne ko gidan nama?

1/ Duk Kirsimeti sai an yi musun nan: wasu su ce Baitalami na nufin "gidan burodi", wasu su ce ƙarya ne, "gidan nama" ne. Ni dai na ce kowa da gaskiyarsa. Ku biyo ni.

2/ Garin yana kudu da Ƙudus, tazarar kusan kilomita 10, a Gaɓar Yamma ta Falasɗinu. Kiristoci sun yi imani can aka haifi Yesu, wato Annabi Isa (AS). Littafi Mai Tsarki ya ce garin su Dawuda ne kuma.

3/ Sunan kalmomi biyu ne. "Bait" gida ne, shi ne dai na Baitulmali da Baitul Maƙdis. Gardamar tana kan ta biyun.

4/ Da Ibrananci "lehem" burodi ne. Da Larabci "lahm" nama ne. Saiwarsu ɗaya, l-h-m, kuma masana harshe na ganin asalinta abincin da ake dogaro da shi ne. Manomi ya ce gurasa, makiyayi ya ce nama.

5/ Mu nan Darki abin ba baƙo ba ne. Ka ce wa manomi "ka ci abinci?", tuwo yake ji. Bafulatanin da ya kawo shanu kasuwar Wudil ranar Juma'a kuwa, fura da nono ce.

6/ Littafin Rut ya ba da labarin yunwa da ta kori Na'omi da iyalinta daga Baitalami zuwa Mowab. Gidan burodi babu burodi! Ana girbin sha'ir ta dawo tare da Rut, wadda jikanta Yesse ne ya haifi Dawuda.

7/ Kiristoci kuma suna haɗa sunan da Linjilar Yahaya sura 6, inda Yesu ya kwatanta kansa da gurasa. Shi ya sa ma'anar Ibrananci ta fi zama a wa'azinsu.

8/ An keɓe cocin farko a wurin haihuwar a shekarar 339, Sarki Justiniyan ya sake gina shi a ƙarni na 6, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2012. Daura da shi, a fili guda, ga Masallacin Umar.

9/ Saboda haka kafin ka zagi wani kan "ya murɗe fassara", tambaye shi da wane yare yake magana. Mutanen garin, Musulmi da Kirista, Bait Lahm suke cewa.