Farantan hasken rana a rufin karaban: abin da ya kamata a sani

Karaban ɗaki ne mai ƙafafu da mota ke ja, wanda masu yawon buɗe ido ke kwana a ciki, musamman a Faransa da sauran ƙasashen Turai. Idan aka yada zango nesa da layin lantarki, farantan hasken rana da aka ɗora a rufi su ne ke samar da wuta.

Tsarin yana da sassa huɗu: faranti, na'urar daidaita caji, batir mai volt 12, da inbata mai mayar da wutar batir zuwa volt 230 irin ta gida.

Kafin sayen faranti, sai a lissafa wutar da ake ci a yini. Batir mai amfiya-awa 100 a volt 12 yana ɗaukar wat-awa 1,200. Idan na dalma ne, rabinsa kawai ya kamata a ci, domin zuƙe shi ƙarƙaf yana rage masa kwana. Batirin lityom yana jure a ci kashi 80 cikin 100 ko fiye. Wannan ya isa fitilu, cajin waya da ƙaramin firiji, amma na'urar sanyaya ɗaki takan cinye shi cikin 'yan sa'o'i.

Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ƙarfinsa kan ragu da kusan kashi 0.4 cikin 100, shi ya sa ake barin sarari tsakaninsa da rufi don iska ta ratsa. Ƙura da inuwar bishiya ma suna rage wuta sosai, don haka a riƙa goge farantan, a kuma ajiye karaban a fili.